Mu Tashi Mu Kai Yaran Binuwai Gasar Duniya!

Jama'ar Yola da Jimeta!  Iyaye mata da iyaye maza, malamai da 'yan kasuwa, samari da 'yan mata, ku kasa kunne. Akwai wani fage da duniya ke buɗe wa yaran sakandare kowace shekara. Muna so yaranmu su shiga wannan fage. Muna so su shiga da shiri. Muna so su shiga da ƙarfinsu. Shirin kuwa a hannunmu yake, kuma yau zai fara.

Fagen shi ne gasar labarin ƙasa ta duniya, wadda ake kira iGeo. Ƙungiyar Masana Labarin Ƙasa ta Duniya ce ke kula da ita. An fara ta a shekarar 1996 a birnin Hague na ƙasar Holan. Tun daga nan take yawo daga ƙasa zuwa ƙasa. Ta sauka a Afirka sau biyu: a Durban ta Afirka ta Kudu a 2002, da Carthage ta Tunisiya a 2008. Ta je Beijing a 2016. Ta je Bandung ta Indonesiya a 2023. Ta je Ireland a 2024. Ƙasashe sama da 40 ke tura yaransu. Kowace ƙasa ɗalibai huɗu take turawa, 'yan shekara 16 zuwa 19, tare da manya biyu masu jagorantarsu. Da Turanci ake yin gasar. Waɗanda suka yi fice su koma gida da lambar zinariya ko azurfa ko tagulla.

Kujeru huɗu, 'yan uwa. Huɗu kacal ga ƙasa guda. Ba a rabon su don sanayya. Sai yaro ya yi zarra a gida kafin ya ɗauki tutar ƙasarsa. To me zai hana ɗaya daga cikin huɗun nan ya fito daga Doubeli? Me zai hana ɗaya ta fito daga Yolde Pate, ko Jambutu, ko Luggere, ko Damare? Babu abin da zai hana, in mun tashi.

Ku ji yadda jarrabawar take, don ku san yaranmu za su iya. Kashi uku ce. Akwai ta rubutu, inda za a ba yaro taswira da alƙaluma a ce ya yi bayani. Akwai ta hotuna da bidiyo, inda zai kalla ya gane wuri da abin da ke faruwa a wurin. Akwai kuma aikin fili, wanda makinsa ya kai kashi 40 cikin ɗari. A nan ake fitar da yara waje. A ba su takarda da fensir. A ce su zaga unguwa ko bakin kogi, su lura, su auna, su zana taswira da hannunsu, sannan su faɗi matsalar wurin da maganinta.

Ku sake jin wannan. A fita waje. A duba ƙasa. A gano inda ruwa zai bi. A faɗi inda ya kamata a yi gini da inda bai kamata ba. Wane yaro ne ya fi namu dacewa da wannan aiki? Yaron da ya tashi a bakin Binuwai? Yarinyar da ta ga kogi ya janye da rani har yashi ya bayyana, ta kuma ga ya cika ya batse da damina? Yaron da ya raka mahaifinsa noman rani a Geriyo? Yarinyar da ta san zafin watan Maris da Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura 40? Waɗannan yaran sun riga sun ga darasin da idonsu. Abin da ya rage shi ne malami, da taswira, da horo, da kuɗin hanya.

Allah ya shimfiɗa mana makaranta a ƙofar gida. Ga Binuwai, wanda ya taso daga tuddan Adamawa a Kamaru, ya ratsa Garwa, ya karɓi ruwan Faro, ya wuce ta ƙarƙashin gadar Jimeta. A Numan ya haɗu da Gongola. Ya miƙa Makurɗi, ya haɗe da Neja a Lokoja, bayan tafiyar kimanin kilomita 1,400. Ga duwatsun Verre muna hango su daga Yola. Ga duwatsun Alantika a kan iyaka. Ga duwatsu uku na Song a tsaye a gefen hanya. Ga ruwan zafi na Lamurde yana ɓuɓɓugowa daga ƙasa. Ga dam ɗin Kiri a Shelleng, wanda ke shayar da gonakin rake na Numan. Ga dajin Gashaka-Gumti, wanda wani ɓangarensa ke Toungo. Ga Sukur a kan duwatsun Mandara, a ƙaramar hukumar Madagali, wurin da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1999, na farko a duk Najeriya. Mutane na tasowa daga nesa don su gani. Yaranmu fa? Nawa ne aka taɓa kai su? Mu kai su. Mu nuna musu. Gani ya kori ji.

Kada wani ya ce wannan ilimi baƙo ne a wurinmu. Namu ne tun kaka da kakanni. Al-Idrisi ya kammala taswirarsa ta duniya a 1154. Ibn Battuta ya taka har daular Mali. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya bayyana ƙasashen yankinmu a littafinsa Infaƙul Maisuri, kuma a 1824 ya ba Baturen nan Clapperton taswirar ƙasa, aka kai ta Ingila aka buga. Modibbo Adama, da ya kafa Yola a 1841, sai da ya san tudu da fadama, ya san mashaya da makiyaya. Fatake sun san hanya daga Kano zuwa Yola har Ngaoundere. Makiyaya sun san inda ciyawa ke fara tsirowa. Masunta sun san zurfin kowane gulbi. A watan Yunin 1851, Bajamushe Heinrich Barth, wanda ke kiran kansa Abdulkarim, ya iso Yola zamanin Lamiɗo Lawal. Ya tsaya a mahaɗar Binuwai da Faro ya rubuta abin da ya gani, Turai ta karanta. Shi ya taso daga can ya zo nazarin ƙasarmu. Yanzu lokacin yaranmu ne su tashi daga nan su je can, su nuna wa duniya sun san tasu ƙasar, sun kuma san ta wasu.

'Yan uwa, maganar nan ta wuce lambar yabo. Magana ce ta rai da dukiya.

Ku tuna ambaliyar 2012. Ku tuna 2022, shekarar da ambaliya ta ci rayukan mutum sama da 600 a Najeriya, ta raba sama da miliyan ɗaya da gidajensu. Mun san yadda abin yake. Wani lokaci sama a washe a Jimeta, amma ruwa na hawa, domin an buɗe dam ɗin Lagdo a Kamaru, wanda aka gama tun 1982. An daɗe ana maganar dam ɗin Dasin Hausa a ƙaramar hukumar Fufore domin ya tare wannan ruwan, har yau ba a gama ba. Ku tuna watan Yulin 2025, da ruwan sama mai ƙarfi ya afka wa Shagari da Yolde Pate da Sabon Pegi a Yola ta Kudu. Mun binne 'yan uwanmu. Allah ya jiƙansu, ya ba iyalansu haƙuri.

Ruwa na da hanyarsa, kuma ana iya sanin ta. Ana auna tudu da kwari. Ana lissafin ruwan sama. Ana zana taswirar unguwannin da ke cikin haɗari. Ana gano magudanar da ta toshe da gidan da aka gina a kan hanyar ruwa. Wannan shi ne labarin ƙasa. Wannan shi ne abin da ake tambayar yara a iGeo. Ku dubi Holan, inda aka fara gasar. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasarsu yana ƙasa da matakin teku. A 1953 teku ta shigo musu, ta kashe mutum sama da 1,800. Suka yi kuka, suka share hawaye, suka koma aji. Suka horar da yaransu, suka gina katangun tare ruwa, har duniya ta koma tana zuwa koyo a wurinsu. Mu ma za mu iya. Mu ma dole mu iya.

Ku dubi tafkin Chadi, wanda ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960, ya kuma ragu da kusan kashi 90 cikin ɗari. Ku dubi tafkin Njuwa na nan gida, yadda yashi da laka suka cinye shi. Ku dubi rigimar manomi da makiyayi a kan burtali da mashaya. Ku dubi iyakarmu da Kamaru, wadda Kotun Duniya ta yanke hukunci a kanta a 2002, aka bi ta da taswira ana kafa turaku. Duk waɗannan na neman mutanen da suka san ƙasa. In ba mu horar da namu ba, wa zai yi mana? Yaron da muka kai gasa yau, shi ne zai auna mana filaye gobe. Yarinyar da muka saya wa taswira yau, ita ce za ta gaya mana ranar da za mu kwashe kaya daga bakin kogi. Don haka mu tashi. Kowa da aikinsa.

Iyaye, da ku za mu fara. A babbar sakandare, labarin ƙasa darasin zaɓi ne. Yara da yawa na gudunsa, suna cewa aikin taswira na da wuya. Ku ƙarfafa musu gwiwa. In ɗanku na son darasin, ku ce ya riƙe shi da kyau. In 'yarku na son shi, kada ku ce na maza ne. Na kowa ne. Ku saya musu littafin taswira, ko da tsoho ne daga masu sayar da littattafai a kasuwar Jimeta. Ku liƙa taswirar Adamawa a bangon ɗaki. Bayan cin abincin dare, ku tambaye su ƙananan hukumominmu 21, su nuna kowace da yatsa. In kun ji sunan wata ƙasa a rediyo, ku ce su nemo ta. In za ku je Mubi ko Ganye ko Numan, ku ce su lura da hanya, su rubuta koguna da duwatsun da suka gani. Ku nema musu takardar haihuwa da lambar shaidar ɗan ƙasa tun yanzu, domin sai da su ake samun fasfo. Kada dama ta zo ta tarar da takardu ba su cika ba.

Malamai, Allah ya saka muku da alheri. Ku ne gishirin wannan tafiya. Ku kafa ƙungiyar labarin ƙasa a makarantarku a wannan zangon karatu. Ɗalibai goma sun isa a fara. Ku fitar da su daga aji. Su auna filin makaranta da taku da igiya, su zana shi. Ku yanke bakin gorar roba, ku yi mata alamu da rula, ku kafa ta a tsakar fili ta zama ma'aunin ruwan sama. Su riƙa rubutawa kullum daga farkon damina zuwa ƙarshenta. Ku kai su Geriyo su tambayi manoma. Ku kai su bakin gada su ga inda kogi ke zaizayar gaɓa da inda yake zubar da yashi. Tsofaffin tambayoyin iGeo na nan a intanet kyauta. Ku sauko da su, ku buga, ku raba. Ku sa yara su riƙa rubuta amsa da Turanci, dogon bayani mai hujja, har hannunsu ya saba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Shugabannin makarantu, ku buɗe ƙofa. Kwalejin Janar Murtala Mohammed, Sakandaren 'Yan Mata ta Gwamnati ta Yola, Kwalejin 'Yan Mata ta Gwamnatin Tarayya, Kwalejin Aliyu Musdafa, makarantun jeka-ka-dawo na unguwanni, makarantu masu zaman kansu, na Islamiyya da na mishan, ku haɗa kai. Ku shirya gasa tsakaninku. A fara da Yola ta Arewa da Yola ta Kudu da Girei. Baɗi a faɗaɗa zuwa duk jihar. Zakarun jiha su nemi gurbi a matakin ƙasa. Ku rubuta wa Ƙungiyar Masana Labarin Ƙasa ta Najeriya. Ku rubuta wa Ma'aikatar Ilimi. Ku tambayi ranar zaɓen wakilan ƙasa da sharuɗɗansa. In ba a amsa ba, ku sake rubutawa. Mai nema yana tare da samu.

Malaman jami'a da ɗalibanku, ku sauko mana. Jami'ar Modibbo Adama na nan a Girei. Jami'ar Amurka ta Najeriya na nan a Yola. Kwalejin Ilimi ta Tarayya na nan a Jimeta. Jami'ar Jihar Adamawa na Mubi. Ku ba mu Asabar ɗaya a wata. Ku zo da kamfas da na'urar GPS. Ku koya wa yara Google Earth da QGIS, waɗanda ba a biyan ko kwabo kafin a yi aiki da su. Ku nuna musu unguwarsu daga sama, su ga rufin gidansu. Ku gaya musu Najeriya ta harba tauraron ɗan adam nata na farko tun 2003. Ma'aikatan Hukumar Raya Kogin Binuwai ta Sama, wadda hedikwatarta ke nan Yola, da ma'aikatan hasashen yanayi, ku karɓi yara su ga yadda ake auna ruwa da iska. Awa biyu daga gare ku za ta iya sauya rayuwar yaro.

'Yan kasuwa da masu hannu da shuni, ga naku. Tafiya ƙasar waje na cin kuɗi. Akwai fasfo. Akwai biza, da zirga-zirgar nemanta. Akwai tikitin jirgi, da kuɗin rajista, da suturar sanyi. Ɗan talaka mai hazaƙa zai iya cin kowace jarrabawa, kuɗin tikiti ya tsayar da shi. Kada mu bari haka ta faru a garinmu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku kafa asusu. Ku ɗora amintattu a kai, maza da mata, Musulmi da Kirista. A riƙa karanta abin da ya shiga da abin da ya fita a bainar jama'a. Mai shago ya ɗauki nauyin littattafai. Mai mota ya ba da bas ranar fita fili. Mai gidan mai ya zuba mai. Mai buga takardu ya buga taswirori. Mai gidan abinci ta ciyar da yara ranar gasa. Tsofaffin ɗalibai da ke Abuja da Legas da ƙasashen waje, ku tuna ajin da kuka zauna. Kowa ya ɗauki yaro ɗaya.

Limamai da fastoci, ku faɗa a masallaci ranar Juma'a, ku faɗa a coci ranar Lahadi. Masu unguwanni da hakimai, ku kai maganar fadar Lamiɗo, domin in uba ya sa albarka, gari zai bi. Ma'aikatan gidajen rediyo da talabijin na Yola, ku ba mu rabin awa a mako na kacici-kacicin labarin ƙasa, da Hausa da Fulfulde da Turanci. Ku kira sunan yaron da ya ci, mahaifiyarsa ta ji. 'Yan majalisa da shugabannin ƙananan hukumomi, ku sa gasar cikin kasafi. Ku ɗauki malaman labarin ƙasa aiki. Ku sa taswira a bangon kowane aji. Mu kuma masu zaɓe, mu tambaye su, mu sake tambaya, har sai an yi.

Yanzu ku, yaranmu. Ku ne dalilin wannan kira. Kada ku raina kanku. Yaran Romaniya da Poland da Singapore da ke yawan cin lambobi a gasar nan, kai ɗaya gare su kamar ku. Karatu suka yi. Horo suka sha. Ku ma ku yi. Wayar da ke hannunku, duniya ce a ciki. Ku buɗe taswira. Ku bi Binuwai da yatsa daga mafarinsa har teku. Ku koyi karanta layukan tudu da kwari. Ku koyi lissafin nisa da ma'auni. Ku zana unguwarku, ku sa alama a duk inda ruwa ke kwanciya. Ku kai wa mai unguwa ya gani. Ku saurari labaran duniya. Ku tambayi dalilin girgizar ƙasa, dalilin hamada, dalilin cunkoson birane. Ku tambayi malami. Ku tambayi kaka. Ku tambayi masunci. In kun faɗi a gasar farko, ku tashi ku karkaɗe, ku sake shiga. Da rarrafe yaro kan tashi. In kuma Allah ya kai ku can, ku tafi da tarbiyyarku, ku dawo da iliminku. Adamawa na buƙatarku.

'Yan uwa, kada mu ce sai gobe. Kada mu ce sai gwamnati. Kada mu ce sai mun yi kuɗi. Damina ba ta jiran kowa, gasa ma ba ta jira. Yau uwa ta tambayi ɗanta darasinsa. Gobe uba ya je makaranta ya ga malami. Cikin makon nan malami ya rubuta sunayen ɗalibai goma. Cikin watan nan ƙungiyar iyaye da malamai ta zauna. Cikin zangon nan a yi gasar farko. Cikin shekarar nan a kafa asusu.

Ku gaya wa maƙwabci. Ku gaya wa abokin sana'a. Ku faɗa a majalisa, ku faɗa a gidan biki, ku faɗa a cikin Keke Napep. Ku saya. Ku koyar. Ku bayar. Ku raka. Yola, ki tashi! Jimeta, ki tashi! Mu shirya yaranmu, mu cika musu guzuri, mu raka su filin jirgi da addu'a, mu tarbe su da ganga. Allah ya ba mu iko, ya yi wa yaranmu albarka, ya ɗaukaka Adamawa. A fara yau!